Rimi Biyu, Magama Uku

Wata ɗabi'a ta yi katutu a tashoshin mota da zaurukan WhatsApp: da zarar an naɗa wani babban mutum muƙami, sai duk mai sunan ƙarshe irin nasa ya wayi gari ɗan'uwansa. Ta wannan ƙofa 'yan damfara ke shigowa. Saurayi ya gama hidimar ƙasa yana zaman jiran aiki, sai wani ya bugo masa waya ya ce shi ƙanin shugaban hukuma kaza ne, ga suna nan shaida, a turo kuɗi a ajiye masa gurbi. Kuma ya tura! Abin takaicin, har da masu digiri.

A ɗauki Bugaje, gari kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Jibiya, dab da iyakar Nijar. Sunan ya yi nisa a Najeriya ta dalilin mutane irin su Dokta Usman Bugaje, wanda ya wakilci Jibiya da Kaita a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, da Farfesa Idris Bugaje, wanda aka naɗa shugaban hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a 2021. To amma duk wanda aka yanke wa cibiya a garin yana da ikon liƙa Bugaje a bayan sunansa, manomi ne ko ɗan acaɓa. Sunan yana faɗin inda mutum ya fito ne kawai. Wanda ya haife shi kuwa, sai an tambaya.

Can asali, da sunan uba ake rarrabe Bahaushe, ko sana'a, ko laƙabi. Makarantun kwana na zamanin Turawa ne suka yaɗa sunan gari, domin aji ya cika da Muhammadu da Abubakar, malami kuma yana son sanin wa zai amsa kira. Haka aka samu Tafawa Ɓalewa da Shagari. Yanzu wa zai ce duk mai amsa Kano ɗan gidan Malam Aminu ne?

Wani lokacin ma garin ba ɗaya ba ne. Tsakanin 1981 da 1983 jihohi biyu maƙwabta suna da gwamna mai suna Rimi: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abba Musa Rimi a tsohuwar Kaduna, wanda ya hau bayan an tsige Balarabe Musa. Dukansu jam'iyyar PRP ce ta kawo su. Amma na farko Rimin Sumaila ne garinsu, na biyu kuma mutumin ƙasar Katsina ne. Da a yau ne, da tuni wani ya rantse a Facebook cewa wa da ƙani ne.

Magama ma uku ce aƙalla: ta bakin iyakar Jibiya, da Magama Gumau a Bauchi, da ƙaramar hukumar Magama a jihar Neja. 

Saboda haka, wanda ya zo da da'awar dangantaka a tambaye shi sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da mai unguwarsu, sannan a kira wani ɗan garin a ji. A duba sunan da ya fito a asusun bankin kafin a danna tura. In ya saɓa da na mai magana, a kashe waya. Ko da ɗan'uwan ne na jini, gurbin aikin gwamnati ba hajar sayarwa ba ce, mai biya ma yana da nasa laifin. Mai tura labarin hari a Magama ko Tudun Wada, don Allah ya faɗi jiha da ƙaramar hukuma da rana, kada ya hana iyayen wasu barci a banza. Iyaye kuma su tsayar wa yaro suna ɗaya tun daga takardar haihuwa, domin wanda ya sa Bugaje a NIN ya sa sunan kaka a BVN zai sha zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa.