Randar ƙofar gida

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina har yanzu akan ga randa a ƙofar wani gida, da moɗa kife a bisa murfinta. Idan bazara ta kama, rana ta take, ɗan dako da almajiri da mai tallan goro duk nan suke tsayawa su jiƙa maƙoshi su wuce. Wanda yake cika randar kowace safiya bai san sunan yawancinsu ba. Ka tambaye shi dalili, zai ce lada yake nema, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai akwai abin da yake samu tun kafin lahira, wanda masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna ƙoƙarin aunawa.

A shekarar 2008 wata malama a Jami'ar British Columbia da ke Kanada, Elizabeth Dunn, da abokan aikinta Lara Aknin da Michael Norton, suka raba wa mutane ambulan da safe, wasu dala 5 a ciki, wasu dala 20. Aka ce wa wasu su kashe wa kansu kafin ƙarfe biyar na yamma, wasu kuma su yi wa wani kyauta ko su ba da sadaka. Da yamma da aka tuntuɓe su, waɗanda suka kashe wa wani ne suka fi jin daɗin ranarsu. Yawan kuɗin bai sa wani bambanci ba. Daga baya Aknin ta duba bayanan ƙasashe 136, masu arziki da matalauta, ta tarar a mafi yawansu mai kyauta ya fi gamsuwa da rayuwarsa. Har yara 'yan ƙasa da shekara biyu an gwada a 2012: fuskarsu ta fi washewa lokacin da suka ba wata 'yar tsana biskit fiye da lokacin da aka ba su, musamman idan daga nasu rabon suka ɗiba.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Amit Kumar da Nicholas Epley, wanda ya fito a 2022. A wani wurin shaƙatawa na birnin Chicago, cikin tsananin sanyi, aka ba mutane kofin cakulan mai zafi, aka ce in sun so su bayar da shi ga wani baƙo da ke kusa. Yawancinsu suka bayar. Aka tambayi masu bayarwa yadda suke zaton wanda ya karɓa zai ji, aka kuma tambayi masu karɓar. Masu bayarwa sun raina abin da suka yi. Su kofin suke kallo, suna ganin ai ba wani abu ba ne. Wanda ya karɓa kuwa abin da ya faranta masa shi ne wani ya tuna da shi.

Wannan raini na san shi a gidajenmu. Ina yaro, da magariba ta kusa, mahaifiyata takan ɗora mini kwanon tuwo ta ce in kai gidan maƙwabta. Ciyayya ce, kuma kwanon ba ya dawowa fanko: ko ɗan wake, ko ƙuli-ƙuli, ko aƙalla saƙon gaisuwa da sa albarka. Miyar kuka ce sau da yawa, babu nama, ba ta taɓa jin kunyar aikawa ba. Yau a sabbin unguwanni, inda katanga ta yi tsawo kuma kowane gida da get ɗinsa, sai uwargida ta dafa abin da ya fi wancan, ta ce ai wannan bai kai a aika ba, sai ranar da aka yi na kirki. Ranar ba ta zuwa. Da haka shekara take ƙarewa ba ta san sunan 'ya'yan maƙwabciyarta ba. Ba rowa ce ta hana ta ba. Ta auna tuwon ne da idon mai bayarwa.

Kada a zuzuta abin fiye da kima. Oliver Scott Curry na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun haɗa bincike 27 a 2018, suka ce tasirin alheri a kan farin cikin mai yin sa yana nan, amma matsakaici ne ko ƙasa da haka. Alheri ba ya maye gurbin likita ga mai ciwon damuwa, ba ya biyan kuɗin haya. Kuma wanda aka yi bisa tilas daban yake. Matar da ta shekara tana jinyar surukarta ita kaɗai, babu mai karɓarta ko na yini guda, gajiya take tarawa, kuma zalunci ne a ce mata ta nemi farin ciki a cikin hidimar. Abin da wasu masu bincike suka lura shi ne daɗin ya fi zuwa idan mutum ya zaɓa da kansa, kuma ya ga fuskar wanda ya amfana.

Shi ya sa mai randa yakan shimfiɗa tabarmarsa a zaure, inda zai hango ta. Ɗan dako ya sha, ya zuba sauran a kansa, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka, shi kuma ya amsa da amin, ya kira yaro ya ƙaro ruwa kafin azahar.