Allurar kashe jijiya: sauƙi ga mai ciwon daji da azaba ta yi wa yawa

Jama'a ƴan kasuwa, daga Konni zuwa Illela, daga Maraɗi zuwa Jibiya, mun san gidajen da jari ya ƙare wajen jinyar mai ciwon daji. Idan cutar ta yi nisa, abin da ya fi hana barci shi ne zogi, kuma nan ne ake ta ɗura wa majinyaci taramol na bakin tebur, kuɗi suna tafiya, azaba tana nan.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai 3 na maganin zogi, daga farasitamol zuwa mofin. Mafi yawan majinyata suna samun sauƙi da su. Ga wanda mofin bai ishe shi ba, ko yake sa shi amai da magagi, akwai wata dabara: kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa.

A bayan tumbi, kusa da babbar jijiyar jini, akwai tarin jijiyoyi masu ɗauko zafin hanta, tumbi da pankiriyas, gaɓar da ke daidaita sukari. Likita yana tura doguwar allura yana dubawa a na'urar hoto, ya zuba alkol mai ƙarfi ko fenol, su ƙona jijiyoyin. Wani likitan Jamus, Max Kappis, ya fara tura allura zuwa waɗannan jijiyoyi a 1914. Idan zogin a gefe guda na jiki yake, akan katse hanyar zafin cikin lakar gadon baya, aikin da aka fara ba da rahotonsa a Amurka a 1912.

Sai dai mu sani, allurar ba ta warkar da daji. Sauƙin yakan kai watanni kaɗan, don jijiya tana iya sake tsirowa. Tana jawo zawo, faɗuwar jini da ciwon baya na ƴan kwanaki, a wasu lokuta ƙalilan har da shanyewar ƙafa. Shi ya sa sai ƙwararre a babban asibiti.

Kafin mu sayar da rumfa mu kwashi majinyaci zuwa waje, mu fara tambayar likitansa: an gwada mofin yadda ya kamata? Allurar ta dace da irin ciwonsa? Wa ke yinta, nawa ne kuɗin? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.