Igiyar Da Ke Tsakanin Masunci Da Halaka

KONTAGORA: Mutanenmu mazauna Ikko sun saba ganin jiragen ruwa masu tafiya da iska suna kai da kawowa a gulbi. Wasu na masu hali ne, waɗanda kulob ɗinsu yake nan tun 1932. Wasu kuwa na masuntan bakin teku ne, waɗanda ke ɗinke tsofaffin buhuna su kafa a kwalekwale, iska ta tura su kyauta.

Wannan dabara ta cancanci a dube ta a gida. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka sami tafki mai tsawon mil 80 da ɗoriya, kuma yankin Auna na ƙasar Kontagora yana gefensa na gabas. Da filafili da gora da inji Sarkawa da Gungawa suke ratsa shi. To, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai inji yana ji a jikinsa. Iska kuwa ba a sayenta da ko kwabo.

Amma fa ba a kafa yadi a jirgi da ka. Ƙaramin jirgin iska yana da yadi biyu, watau babba a bayan sanda, da ƙarami mai kusurwa uku a goshi. Na goshin yana da igiya biyu, ta dama da ta hagu. Hannu yana gajiya da riƙo, shi ya sa ake kafa mariƙi a kowane gefe. A wajen zaɓen mariƙin nan ne ake gane gwani.

Iri uku aka fi sani. Na farko mai ƙaho biyu ne, ana naɗa masa igiya a gicciye. Yana da ƙarfi, kuma kafinta zai iya sassaƙa shi da itace mai tauri, sai dai kwance shi yana cin lokaci. Ƙa'idarsa ita ce, igiya mai kaurin kwatan inci tana son mariƙi mai tsawon inci 4. Na biyu yana da muƙamuƙi biyu masu haƙora waɗanda ke cije igiya da kansu, da an fizge ta sama kuwa sai su saki. Na uku tsaga ce kawai mai tudu-tudu a ciki. Yana da araha, amma yana cin igiya, kuma in iska ta yi ƙarfi yakan yi gardamar saki.

Ga ƙaramin jirgi, na biyun ya fi. Dalili kuwa shi ne, guguwar farkon damina ba ta sallama. Idan ta bugi yadi alhali igiya tana ɗaure tam, jirgin zai kwanta, ruwa ya shiga. Wanda ya saki igiya nan take, iska za ta zube daga yadin, jirgi ya miƙe.

Wurin kafawa ma abin lura ne ƙwarai. Sai mutum ya zauna inda zai zauna a cikin tafiya, ya ja igiyar ya gani. In tana shiga da sauƙi amma ba ta fita, an karkata mariƙin sama da yawa. In kuwa tana ƙin shiga, ya yi ƙasa, sai a sa masa ɗan katako a daidaita. Har wa yau, igiyar takan bi ta wani zobe kafin ta iso mariƙi. Idan ƙasan yadin ne ke kaɗawa, a ja zoben baya. Idan gefensa na sama ne, a matsa da shi gaba. Kana a ɗaure mariƙin da noti mara tsatsa wanda ya ratsa katako, don ƙusa ba ta jure fizga.

Saboda haka duk ɗan Kontagora ko Yawuri da ke neman abinci a Kurmi, in yana son ya taimaki 'yan'uwansa masu sana'ar ruwa, ya tsaya a bakin gulbi ya yi tambaya, ya auna kaurin igiyarsu kafin ya sayi mariƙi. Ya kuma haɗa da rigar da ke hana nutsewa. Rigakafi, ai ya fi magani.