Sayen Gida Ma Neman Aure Ne

Babu uban kirki da zai ɗaura wa ɗansa aure ranar da yaron ya fara ganin yarinya. Sai an kai gaisuwa, an bi asali, an ji ta bakin maƙwabta, an sa rana, ko da abin zai ci wata shida. Amma wannan uban, in ya tashi sayen gida da kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa, so yake a gama komai tsakanin Azahar da La'asar. Da dillali ya ce masa, "Alhaji, wallahi akwai wanda ya taya, gobe zai kawo kuɗi," sai hannu ya tafi aljihu a ajiye kafin alƙalami.

Ciniki kam ba ya cin lokaci. A zama ɗaya ana iya tayawa, a sallama, a biya la'ada, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Sai dai a idon dokar Nijeriya wannan duk zance ne a zaure. Aure bai ɗauru ba tukuna.

Abin da ya kamata ya ci makonni shi ne bincike, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin rowar lokaci. Lauya zai je ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ya nemi a buɗe fayil. Sunan wa ke kan takarda? Shi ne wannan da ke sayarwa, ko sunan wani ne da aka saya a hannunsa tun shekaru ashirin ba a sauya ba? Ana bin gidan bashin kuɗin ƙasa? An jinginar da shi a banki? Gidan da ke jingine tamkar macen da igiyar wani ke kanta ne: kome yawan sadakin da ka zuba, mai igiya na nan, kuma ranar da ya zo ba ka da ta cewa. Sannan safiyo ya je ya auna, a tabbatar iyakar da ke takarda ita ce a ƙasa, kuma gidan bai hau hanya ko magudanar ruwa ba, don jan fentin hukuma ba ya tambayar nawa ka saya. In fayil na nan lafiya, wannan aiki na kwanaki ne zuwa 'yan makonni. In an ce "ba a ga fayil ba, a dawo wani mako", to a nan lissafi ke fara kwancewa.

Gidan gado ya fi kowanne jan lokaci, kuma da gaskiyarsa. Babban wa ya kan zo da takardu ya ce ai duk sun amince. Su wa? Akwai ƙanwar da ke aure a wani gari, akwai marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan mai gidan, akwai matar marigayi da tumunin takabarta. Sai an ga takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu da kansa. Malaman Malikiyya ma sun ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shufa'a, wato ya biya abin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar. Rubutun nan da ake gani a bangon gidaje, cewa gidan ba na sayarwa ba ne, sau da yawa wani magaji ne ya rubuta shi bayan ya ji ƙishin-ƙishin.

To, a ce bincike ya yi kyau, an biya kuɗi, lauya ya rubuta takardar mallakawa, an karɓi makulli. Saura waliyyi, wato gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannun mai gida izinin zama ne, shi ya sa takardar C of O ta gidan zama ke ɗauke da wa'adi, galibi shekara 99. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, don dokar filaye ta 1962 ta riga ta ɗora mu a kan irin wannan tsari. Sashe na 22 ya ce mai irin wannan izini ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka ƙulla ba bisa dokar ba rusasshe ne. A Abuja ministan birnin ne ke tsayawa a wannan matsayi.

Kada a ɗauka barazana ce kawai a takarda. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wata kadara a Legas saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk da cewa wanda ya ba da jinginar da hannunsa shi ne ya ɗauko wannan hujja. In banki da tarin lauyoyinsa ya ji a jikinsa, ina ga ɗan kasuwar da ya dogara da takardar mai unguwa?

Matakin neman amincewar gwamna shi ne mai cin watanni, wani lokaci ya haura shekara. A cike fom, a kawo shaidar biyan haraji, jami'ai su je su ƙiyasta darajar gida, a fitar da kuɗin amincewa da na kan sarki da na rajista, fayil ya bi tebur-tebur har ya isa gaban gwamna ko kwamishinan da ya wakilta, sannan ya dawo a shigar da shi rajista. A nan ne kamancen ya ɗan karkace. A aure ba a tarewa sai waliyyi ya bayar, a sayen gida kuwa an tare, an yi fenti, har an yi suna a ciki, takarda na can tana jiran sa hannu. Shi ya sa da yawa ke cewa, tunda ina ciki, me ya rage? Sai su jefa takardu a akwati. Matsalar ba ta tashi sai ranar da za a nemi rance da gidan, ko a sayar, ko mai shi ya rasu 'ya'ya su tarar da sunan wani a fayil, wanda shi ma wataƙila ya daɗe a kabari, a koma neman magadansa.

A ganina jira iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a hukunci ɗaya ba. Jiran bincike naka ne, kai ke amfana da shi, kuma duk mai sayarwar da ya ƙi ba ka mako biyu ko uku ka duba takardunsa ya riga ya ba ka amsa. Jiran ofis kuwa ba shi da wata albarka. Babu dalilin da zai sa fayil ɗin da ya cika sharuɗɗa ya kwana wata da watanni a kan tebur, kuma wannan jinkiri da tsadar kuɗaɗen su ne suka kora talaka zuwa awon igiya da takardar hannu. Gwamnonin da ke kukan mutane ba sa rajistar gidajensu su fara da sa wa ofisoshinsu wa'adi.

Kai kuma mai shirin saye, ka ware kuɗin lauya da na rajista tun kafin ka taya, kada ka saki cikon kuɗi sai sakamakon bincike ya zo hannunka a rubuce, kuma ka shigar da neman amincewar gwamna tun mai sayarwa na raye, yana kusa, yana kuma ɗaga wayarka.