Firgici da sunan da ake ba shi: masu cewa halittun sama sun sace su

1. Mafari

A cikin watan Satumba na 1961, Betty da Barney Hill, mata da miji a jihar New Hampshire ta Amurka, suka ce sun ga wani haske a sama, kuma wasu awowi na tafiyarsu sun ɓace musu. A 1964, likitan ƙwaƙwalwa Benjamin Simon ya sa su cikin magagin ipnoz, suka ba da labarin wai halittun wata duniya ne suka ɗauke su. Daga nan labarai irin wannan suka yawaita a Amurka.

2. Alamomi

Masu wannan iƙirari sukan koka da rashin barci, mugun mafarki, faɗuwar gaba da tsoron dare. Binciken Nicholas Spanos na 1993 bai same su da taɓin hankali fiye da sauran jama'a ba. A 2004, Richard McNally na jami'ar Harvard ya nuna cewa in suna sauraren labarin nasu, zuciyarsu na bugawa, gumi na karyo musu, kamar masu fama da firgicin yaƙi. Ke nan wahalar ta gaske ce.

Sau da yawa abin kan faro ne da dannau, wato paralysie du sommeil: mutum ya farka, jiki ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, ya ji kamar akwai wani a ɗakin. Bahaushe kan danganta shi da iskoki. Ba'amurken da ya sha kallon silima sai ya ce baƙi ne daga sama.

3. Abin da ya shafe mu

A 2002, Susan Clancy da abokan aikinta sun ba irin waɗannan mutane jerin kalmomi masu dangantakar ma'ana, misali gado, mafarki, bargo, minshari. Sai suka fi sauran mutane «tuna» kalmar da ta haɗa jerin, wato barci, alhali ba ta ciki. Ma'ana kan cike gurbin da tuni ya bari.

Saboda haka muke jan hankalin ɗalibanmu masu tattara labarun baka. Tambayar «me ka ji?» da «wa ya danne ka?» ba ɗaya ba ne: ta biyun ta riga ta saka wani a ɗakin, kuma mai amsawa na iya tafiya gida da shi.