Eduard Bohlen: Jirgin Ruwan Da Hamada Ta Riƙe

A gaɓar tekun Namibiya, inda hamadar Namib ke gangarowa har bakin Atlantika, akwai gawar wani jirgin ruwa kwance cikin rairayi, kimanin mita 400 daga inda igiyar ruwa ke tsayawa. Sunansa Eduard Bohlen. A Hambug aka ƙera shi farkon shekarun 1890, kamfanin Woermann na Jamus kuma ya riƙa jigilar kaya da fasinjoji da shi zuwa Afirka. Da kwal ake hura tukunyarsa, tururi ya juya farfela. Tsawonsa ya kusa mita 95.

Ranar 5 ga Satumba 1909, yana kan hanya daga Swakopmund zuwa Cape Town, hazo ya rufe masa ido a Conception Bay, ya kafe a tudun yashi. Hazon wannan gaɓa ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura. Ruwan Benguela mai sanyi da ke tasowa daga kudu ne ke sanyaya iska, sai ta yi kauri har matuƙi ya kasa ganin gabansa. Aka yi juyin duniya jirgi ya ƙi motsi, aka haƙura.

To yaya aka yi ya shiga hamada? Bai gusa ko taku ɗaya ba. Iska da igiyar ruwa ne suka yi ta tara yashi shekara da shekaru, gaɓa ta ci gaba, teku ya ja da baya. Yau tsatsa ta cinye ƙarfensa, rairayi ya cika cikinsa, diloli ke fakewa a inuwarsa, masu yawon buɗe ido kuma na shawagi da ƙananan jiragen sama suna ɗaukar hoto.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne 1904. Da ƙabilar Herero ta Namibiya ta yi wa mulkin mallakar Jamus tawaye, a cikin wannan jirgi aka tsare 'yan ƙabilar da ke zaune a Swakopmund. A shekarar ce Janar Lothar von Trotha ya ba da umarnin kawar da Herero, aka kora dubbansu cikin hamadar Omaheke ƙishirwa ta kashe su. Ni dai a ganina, duk mai tallar jirgin nan ga baƙi bai ambaci wannan ba, rabin labari ya sayar. Sai a Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ta aikata.