Kyaftin Daga Garwa: Abin Da Aka Manta A Rigimar Aboubakar

Tun da aka fitar da sunayen 'yan wasan Kamaru da za su je gasar cin kofin Afirka a Maroko, a watan Disamba na 2025, aka ga babu sunan Vincent Aboubakar, surutu bai lafa ba. Wasu suka ce shekaru ne suka cim masa, don an haife shi a 1992. Wasu suka ce Samuel Eto'o, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, shi ne ba ya son a kamo tarihinsa na ƙwallo 56 da ya ci wa Kamaru. Hukumar ta sallami koci Marc Brys, ta naɗa David Pagou, shi kuma ya ajiye kyaftin ɗin tare da mai tsaron gida André Onana. A nan yawancin masu sharhi suka tsaya, sai ka ce labarin mutumin duka bai wuce faɗan manya a Yawunde ba.

A wasan kurket kyaftin ne ke tsara inda kowa zai tsaya da wanda zai yi jifa. A ƙwallon ƙafa doka ba ta ba shi wani iko mai yawa ba, ban da canken fara wasa da magana da alƙali. Nauyin kambun yana bayyana ne ranar da abubuwa suka rikice. Ranar 5 ga Fabrairu 2022, a wasan neman na uku na gasar cin kofin Afirka, Burkina Faso ta kai ga cin Kamaru mai masaukin baƙi uku da nema. Aboubakar ya shigo bayan hutun rabin lokaci, ya zura biyu a mintunan ƙarshe, aka tashi uku da uku, Kamaru ta yi nasara a bugun fenareti. Ya gama gasar da ƙwallo 8, ɗaya kawai ta rage masa ya kamo tarihin Ndaye Mulamba na 1974. Kafin wannan, a wasan ƙarshe na 2017 a Libreville, saura minti biyu a tashi, ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta sama da kan mai tsaron bayan Masar, ya doke ta tun ba ta sauka ba, ta wuce Essam El-Hadary. A Katar kuwa, ranar 2 ga Disamba 2022, ya ci Brazil da ka, ya cire riga don murna, alƙali ya miƙa masa hannu sannan ya ɗaga masa jan kati. Ranar ce wata ƙasar Afirka ta fara doke Brazil a gasar cin kofin duniya.

Duk wannan kowa ya san shi. Tambayar da ba a yi ita ce: daga ina yaron ya fito, kuma wa ya rene shi?

Daga Garwa ya fito, birnin da ke bakin kogin Binuwai, a unguwar Rumde Ajiya, wadda babban filin wasan garin ya ɗauki sunanta. Kulob ɗin da ya goge shi kuwa Coton Sport ne, wanda aka kafa a 1986 ƙarƙashin kamfanin auduga na SODECOTON. Kafin zuwan Coton Sport, kofin lig na Kamaru yana yawo ne tsakanin ƙungiyoyin kudu, irin su Canon da Tonnerre na Yawunde da Union ta Duwala. A 1997 Coton Sport ta kawo kofin arewa, ta sake a 1998, sannan ta riƙe shi shekara shida a jere daga 2003 zuwa 2008. Zuwa yau ta ɗauke shi fiye da sau goma sha biyar, babu kulob ɗin da ya kai ta a ƙasar. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta fi ƙarfinta. Mai tsaron ragarta a lokacin ɗan Nijar ne, Kassaly Daouda, kuma ɗan ƙasarsu Kamilou Daouda shi ma ya daɗe yana ci mata ƙwallaye.

Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Kulob ne mai uban gida tsayayye, mai filin atisaye da makarantar horar da yara, wanda kuɗinsa ba ya jiran ranar da wani ɗan siyasa zai tuna da shi. Gumin manomin auduga na ƙauyukan arewa shi ne ya biya takalmin yaron da ya ci Brazil, ko da ba a taɓa faɗa wa manomin ba. Daga wannan gida Aboubakar ya tafi gasar cin kofin duniya ta 2010 yana da shekara 18, shi kaɗai ne a tawagar da ke wasa a cikin ƙasa. A shekarar ya koma Valenciennes ta Faransa, daga nan Lorient, Porto, Beşiktaş da Al Nassr. Jacques Zoua da Ambroise Oyongo, waɗanda suka ɗauki kofin 2017 tare da shi, su ma ta Coton Sport suka biyo. Kuma garin nan ne ya haifi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017.

Mu da ke wannan gefen iyaka ba baƙi ba ne a Rumde Ajiya. A can Super Eagles ta Najeriya ta buga wasanninta a Janairun 2022, ta doke Masar da Sudan da Gini-Bisau, kafin Tunisiya ta fitar da ita ranar 23 ga watan. Mutanen Garwa sun mara wa Super Eagles baya kamar tasu, ga kuma jama'ar da suka tsallako daga Adamawa. Kyaftin ɗinta a lokacin Ahmed Musa ne, wanda shi ma haihuwar 1992 ne, kuma a 2010 ɗin nan ya bar Kano Pillars zuwa Holand. Kyaftin biyu, sa'o'in juna, kowanne kulob ɗin arewacin ƙasarsa ya fito da shi. Tun daga lokacin, ina magadansu? Ƙungiyoyinmu na jihohi har yanzu suna rayuwa ne a kan abin da gwamna ya ga damar saki, 'yan wasa na bin bashin albashi, yaran unguwa kuwa na faɗawa hannun dillalan da ke karɓe kuɗin iyayensu da sunan kai su Turai. Ga attajirai, ga kamfanonin shinkafa da na taki da na siminti, amma wanda zai ɗauki kulob ya rene shi shekara talatin kamar yadda aka yi a Garwa ya yi wuyar samu.

Koci yana da ikon ajiye duk wanda ya ga ƙafarsa ta yi nauyi, kuma raunuka sun taɓa Aboubakar a 'yan shekarun nan. Amma mutumin da ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 100 bai cancanci ya ji labarin ƙarshen aikinsa daga jerin sunaye ba. Ya kamata hukumar ƙwallon Kamaru ta shirya masa wasan bankwana, ta kai shi filin Rumde Ajiya, a gaban mutanen da suka san shi tun yana ƙarami. Masu kuɗinmu na Kano da Yola da Maradi kuma su je Garwa su ga yadda ake gina kulob, hanyar ba ta da nisa.